Zoben da Rana ta Cinye

"Awa biyu ina kiran ofishinku, ya Sufeto, awa biyu! Ɓarawon kuma ga shi can zaune yana shan inuwa. Ka ɗauke shi a kai shi tarhil, halas."

Mudir Thamer ke nan, manajan filin wani kamfani a kudancin Jidda. Jallabiya fara fes, turare kamar kwalbar ce ta fashe a jikinsa, tafin hannu sumul kamar na jariri. Wanda yake nunawa da baki kuma Hassane ne, mutumin Tawa, shekara sha huɗu yana ɗaure noti a filin nan, 'ya'ya biyar a unguwar Sa'alaba nan cikin gari. Tun da safe Thamer ya karɓe iƙamarsa, katin izinin zama a ƙasar, ya cusa a aljihu. Tarhil kuwa an san shi, gidan tsare baƙin da za a kora, daga can sai jirgi, ba dawowa.

Sufeto Yahya bai ko kalli Hassane ba. Ya ce, "Me aka sace?"

Aka kai shi gaban abin. Toshiya ce ta ƙarfe, ta fi ganga uku girma. A ƙasashen da gishiri ya yi dutse a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ake turawa ya cinye shi har ya zama kogo, a ɗura gas a ciki. Rijiyar kogon faɗi gare ta, wannan toshiyar ake zurawa a rufe ta. A ƙugunta akwai zoben roba mai kauri, in aka matse sai ya kumbura ya kama bango, ko iska ba ta wucewa. To zoben ne babu. Gobe Lahadi kuma injiniyoyin masu saye za su zo dubawa.

Sufeto ya tsugunna. Farantin da ke riƙe zoben ya karkace, notuna huɗu na ƙarshe duk sun sha guduma. Ya yafito Hassane.

"Kai, zo nan. Yaya kake kwance wannan?"

Hassane ya ɗauki sifana ya nufi wata toshiyar da ke gefe. Ya sassauta noti ɗaya rabin juyi, ya ɗiga masa alli, ya zagaya ya sassauta wanda ke fuskantarsa ta ɗaya gefen. Haka, haka, har ashirin da huɗu.

"Ni ban iya karanta takardarsu ba, ranka ya daɗe, alli ne takardata. In ka bi su a jere, faranti zai kwanta gefe guda ya cije. Wanda ya yi wancan aikin, wallahi ko tayar keke bai taɓa cirewa ba."

"Ya yi da gangan ne don ya ɓad da sawu," Thamer ya ce.

"Kai na tambaya?" in ji Sufeto.

Ya wuce bakin ƙofa wurin mai gadi, Abdelkader, dattijo ɗan Chadi.

"Jiya Juma'a ka bar ƙofar nan?"

"Abadan, sidi. Ko taku ɗaya."

"Masha Allah. A ina ka yi sallar Juma'a?"

"Masallacin bayan gidan mai, sahun farko ma..." Sai ya kama bakinsa.

Ƙarya ma sai wanda ya saba. Sufeto ya bar shi ya gama zufarsa.

"Wa ya tsare maka ƙofar?"

"Mudir. Ya zo da motarsa ya ce yalla, je ka yi sallah, zan zauna maka."

"Ya saba yi maka haka?"

"Shekara tara, sidi, jiya ne farau. Har addu'a na yi masa."

Kun ji fa. Mutane na sahu, shi yana nan da guduma. Allah ya kyauta.

Sufeto ya dawo kan Hassane. "Zoben lafiyarsa ƙalau ran Alhamis?"

Hassane ya saci kallon aljihun da iƙamarsa take. "Ƙalau."

Abdelkader da ya biyo su ya yi ƙasa da murya, da Hausa: "Ka faɗi gaskiya mana, ɗan'uwa."

"In faɗa, patron, maigidan nan, ya kore ni? Su wa za su ci da yarana?"

"Faɗi," Sufeto ya ce, shi ma da Hausa, harshen na ɗan karyewa. "A unguwar Ruwais aka haife ni, nan Jidda. Ummina da Hausa take zagina har yau."

Sai Hassane ya saki baki. Robar nan ba ta son rana, shi ya sa kullum tana cikin tamfol a rumfa. Mudir ya sa aka fito da toshiyar tsakar fili aka yaye tamfol, wai baƙi za su zo a ɗauki hoto. Baƙi suka zo suka tafi. Kwana tara tana kwance a ranar Jidda. Sau uku Hassane yana cewa a mayar, ana ce masa ya tsaya a matsayinsa na lebura. Ran Alhamis aka gwada ta a kwatamin ruwan gishiri, zoben ya tsattsage, ruwa na tsartuwa ta ko'ina.

"Kazzab! Maƙaryaci!" Thamer ya daka tsawa. "Maganar takari za ka ɗauka a kan tawa?"

"Fito da hannunka na hagu daga aljihu."

Ya fito da shi. Babban yatsa ya sha filasta, farcen ya yi baƙi.

"Ƙofar mota ce ta datse ni."

"To mu je mu gaida motar. Buɗe but."

An share ciki, an fesa turare. Amma ruwan gishiri ba ya jin turare. Ya bushe a kan darduma, fari tas, zagaye guda kamar an zana da faifai. Sufeto ya dangwala yatsa ya taɓa a harshe, ya tofar.

"Ina zoben?"

Duk faɗin ran nan ya zube. Muryar ta koma kamar ta mage.

"A wani kango a unguwar Karantina na jefar, cikin ɓaraguzai. Ya Sufeto, ka fahimce ni. In injiniyoyi suka ga tsagar nan, sunana ne a takarda. In sata ce kuwa, inshora za ta biya. Shi me zai rasa? Ƙasarsu zai koma kawai."

"Kawai," in ji Sufeto. Ya yi wa kurata biyu alama.

Suka sa wa Thamer ankwa a kan agogonsa na zinare, suka tura ƙeyarsa. Yana tafe yana roƙon kar a bi da shi ta gaban ofis, ma'aikata na kallo. Ta nan ɗin aka bi da shi.

Sufeto ya shiga gaba, ya ja ƙofa, yana magana a waya. Direba ya tada mota.

Sai a lokacin Hassane ya tuna. Ya yar da sifana ya bi su da gudu, alli na zuba daga aljihunsa, yana buga gilashi da tafin hannu.

"Sufeto! Ranka ya daɗe! Iƙamata tana aljihunsa. Don girman Allah a miƙo mini ita kafin ku tafi."