Ramar Auta

Bara'atu tana zaune a bakin gado a ɗakinsu na haya da ke Sharaɗa, tana juya warwaron azurfa a hannunta, tana murmushi ita kaɗai. Warwaron nan na lefenta ne. An cire mata shi ranar da aka shiga da ita ɗakin tiyata a Zariya, aka yanke mata nono ɗaya saboda ciwon daji, wanda likitoci ke kira kansa. Allah ya yi da sauran shan ruwa a gaba, ta tashi. Amma magunguna da zaman wuri ɗaya suka hura ta, ta yi wata irin ƙiba ta wahala. Warwaro ya ƙi wuce yatsu, sallah ma sai a zaune. Yau kuwa da ɗan sabulu ya shige sul!

Mijinta Falalu, ma'aikacin sashen rini a wata masaƙa, ya ɗaga labule ya shigo.

"Madam, wa ya yi miki albishir kike ta fara'a haka?"

Ta ɗaga hannu, azurfa ta yi walƙiya.

"Kai! Ya shiga? Weldon, Madam, weldon! Ashe likita bai yi ƙarya ba."

"Maigida ka daina fasa min kai. Ai saura alkawarin Challawa."

Likitan ne ya ce ta rage maiƙo da zaƙi, ta riƙa tafiya a ƙasa kullum. Tun daga nan, da an idar da asuba sai ta lulluɓa da mayafi su fita, yana tura kekensa tana biye da shi, su bi ta bayan kamfanoni kafin jiniya ta kira shi aiki. Ita dai wannan tafiya kamar a mafarki take yin ta. Ƙamshin alewa na tasowa daga wani kamfani, hayaƙi na miƙewa sama a hankali, ruwan rini na gangarowa a kwata, yau shuɗi gobe ja. Falalu ya ce mata ran da ƙafarta ta yi ƙwari zai kai ta bakin kogin Challawa ta taka yashi.

Ana cikin haka, wata rana da hantsi sai ga sallamar mahaifiyarta, Hajiya Hajjo. Tun da mijinta ya rasu take sayar da tuwo a ƙofar kamfanoni, kuma ba a taɓa yin leburan da ya karɓi ƙarin nama a wurinta da daɗin baki ba. Kullum sai ta aiko wa autarta tuwon shinkafa yana ninƙaya cikin man shanu. Tana shigowa ta iske 'ya'yan maƙwabta sun kewaye kwanonta suna suɗe hannu.

"Innalillahi! Kwanona ne wannan?" Ta kama haɓar Bara'atu ta juya. "Auta, wa ya tsotse ki haka? Ina kumatun da na tara miki?"

"Inna, lafiya ce fa. Likita ne ya ce..."

"Likitan gidanku! Leburori sun gaya min ana jan ki bayan kamfani da duku-duku kamar akuyar sata, na ce ƙarya ne. Ni da nake ciyar da rabin Sharaɗa, a ce 'yata ce ke ramewa!" Sai muryarta ta karye. "Haka ubanki ya fara. Rama ta fara cin wuyansa, ina kallo har ta cinye shi."

Falalu ya dawo hutun rana ya tarar ana ƙulla kaya. Ya durƙusa daga bakin ƙofa, kai a ƙasa.

"Hajiya, ku yi haƙuri, ku saurare ni..."

"Ba da kai nake ba! Tunda aka yanke ta ka gaji da ita, kake son ƙarar da ita a tsaye. Na tafi da 'yata. In ba za ka iya ciyarwa ba, ka aiko mata da takardarta!"

Bara'atu ta fashe da kuka. Ta roƙi a bar ta ta yi azahar, ta yi, sannan ta bi uwarta zuwa Ɗorayi tana waiwaye.

A Ɗorayi Hajiya ta ɗaura ɗamarar kiwo. Da safe waina, da rana fura da nono, da almuru tuwo da kitsen rago, kuma ko tsakar gida ba a yarda ta share ba. Bara'atu ba ta iya yi wa Inna musu, sai ta haɗiye da hawaye. Da asuba in iska ta kawo kukan jiniya daga nesa, sai ta rufe ido ta ga kanta a bayan keken Falalu, ruwan rini ya zama kogi, tana tafe a gefensa jikinta ba nauyi. Tana buɗe ido sai ta ji warwaro na cizon hannunta.

Falalu kuwa kullum ya tashi aiki sai ya zo ya tsaya a soro, hannuwansa shuɗi da rini, da ƙullin gwanda ko zogale. Kullum Hajiya ta aiko a ce ya koma da ciyawarsa. Bai taɓa ɗaga murya ba, bai kuma taɓa fashin zuwa ba. Abokansa suka ce ya rubuta takardar ya huta, mata sun ƙare ne? Ya ce su bar shi, shi ya san wadda ya aura.

Wata asuba Hajiya ta shafa addu'a ta juya, sai ta ga Auta tana sallah a zaune, tana haki kamar wadda ta ɗauko buhu. Nan take ta tuna baya. Ranar da ta je ɗauko ta, ai da idonta ta gan ta ta yi azahar a tsaye, ta yi ruku'u, ta kai goshi ƙasa, ta miƙe ba tare da ta dafa bango ba. Fushi ne ya hana ta lura.

"Auta, me ya zaunar da ke?"

"Gwiwoyin ne, Inna. Da numfashin. Sun dawo."

Hajiya ta kama hannunta. Warwaro ya nutse cikin tsoka har ya yi shati. Ta daɗe tana kallonsa.

Da yamma da Falalu ya zo, sai aka shimfiɗa masa tabarma. Hajiya ta yi magana daga bayan labule.

"Ban ce na yarda ba fa. Tafiyar nan taku da ni za a riƙa yi, in gani da idona. Sannan ranar Juma'a tuwona da man shanu sai an ci, ko likitanku zai haɗiyi zuciya."

"To Hajiya, amma man ya zama cokali ɗaya."

"Ludayi!"

"Ku taimaka, Hajiya. Cokali biyu."

"Kai wannan yaro ka fi ɗan kasuwar Kurmi tsanani! Na sallama. Auta, ɗauko mayafinki."

Haka aka riƙa ganin su da sassafe a bayan kamfanonin Sharaɗa, keke a gaba, Bara'atu a gefe, Hajiya can baya tana haki tana cewa, "Ku jira ni, marasa tausayi!" Kafin damina ta wuce warwaro ya saki. Wata Lahadi Falalu ya cika alkawari. Bara'atu ta cire takalmi ta taka yashin Challawa, ta yi alwala da ruwan kogi, ta shimfiɗa ɗankwali ta yi walaha a tsaye. Hajiya ta juya baya tana goge ido da bakin mayafi, wai ƙasa ce ta faɗa mata.

To 'yan mata da samari, ku duba ku gani. Da Falalu ya biye wa zuciya da zugar abokai, da takarda ta raba shi da masoyiyarsa. Haƙurinsa da ladabinsa ga suruka su suka mayar masa da ita. Ku kuma iyaye, ba kowace ƙiba ce lafiya ba, ba kowace rama ce cuta ba. Kafin ku raba 'ya da mijinta, ku tsaya ku ga yadda take kai goshinta ƙasa.