'Yar Mai Faci

Ranar da Hajiya ta zo ganin ɗakin amaryar ɗanta, tana zaune a falo ta tambayi sana'ar marigayi mahaifin yarinyar. Kafin amarya ta buɗe baki mijinta ya riga ta, wai babban dillalin tayoyi ne. Amarya ta sunkuyar da kai ta ci gaba da zuba shayi. Shekara talatin mahaifinta ya yi yana faci a bakin titi, kuma bai cika shekara da rasuwa ba.

Bayan tafiyar Hajiya mijin ya roƙe ta ta rufa masa asiri. Dama Hajiya ba son auren take ba, in ta ji gaskiya za ta ce a rabu. Amarya ta yarda don tana sonsa, amma abin ya tsaya mata a rai.

Wata Asabar da hantsi suna mayar da Hajiya gida, tayar baya ta yi faci. Mijin ya tsaya a gangare, ya kafa jak a kan yashi, ya ɗaga motar da Hajiya a ciki, ko noti ɗaya bai sassauta ba. Da ya taka sufana sai motar ta yi lilo. Amarya na tsaye riƙe da jaka, tana ganin kuskuren ɗaya bayan ɗaya. Ta san in ta yi magana asiri ya tonu. Sai ta ga ya durƙusa ya zura hannu ƙarƙashin motar zai gyara jak ɗin da ya fara nutsewa.

"Fitar da hannunka," ta ce. "Yanzu."

Ta sa ya sauke motar, ta roƙi Hajiya ta fito ta tsaya nesa da titi. Ta ce ya gusa da motar zuwa ƙasa mai tauri, ya ja birkin hannu. Ta tokare tayar gaba da dutse, ta ɗaure gyalenta a ƙugu, ta sassauta notocin tun taya na ƙasa, sannan ta ɗaga. Da ta cire tayar da ta yi faci sai ta tura ta ƙarƙashin motar, ko da jak zai zame. Ta saka sabuwar, tana ɗaure kowane noti da wanda ke fuskantarsa, ta sauke motar ta ƙara matse su.

Hajiya ta dubi hannuwanta da suka yi baƙi. "'Yar nan, a ina kika koyi wannan?"

"A rumfar Baba, Hajiya. Mai faci ne, ba dillali ba." Hawaye suka zubo mata. "Aka yi ƙarya a kansa a gabana, na yi shiru."

Mijin ya kasa ɗaga kai. Hajiya ta daɗe tana kallonsa.

"Da ka faɗa min tun farko, da na yi faɗa, ba zan musa ba. Amma kai da digirinka ka ɗaga mota da uwarka a ciki, sannan kake jin kunyar mutumin da ya koya wa 'yarsa wannan?"

Ta ciro ruwa daga jakarta ta zuba wa amarya ta wanke hannu, ta tambayi sunan marigayin, ta yi masa addu'a a nan bakin titi. Mijin ya nemi gafarar matarsa a gaban mahaifiyarsa.

Sana'ar da uba ya ciyar da kai da ita ba abin ɓoyewa ba ce. Abin kunyar shi ne ka bari a sauya masa ita bayan ba ya nan.