Jan Gyale a Bakin Mai Girma

"Goggo, tagar! Sun rufe min taga!"

Auta ta riƙe ƙarfen tagar tana jijjigawa, hawaye shaɓe-shaɓe. Ɗakin benen ya yi duhu da rana tsaka. Wani ƙaton ƙyalle mai hoton Mai Girma, wanda zai ziyarci garin yau, aka sako tun daga rufi har ƙofar gida.

Tun da aka ce zai zo ake gasa wa mutane aya a hannu. An toshe hanyoyi, an katse layin waya, an kwashe rumfunan bakin titi wai suna ɓata masa kallo. Har shagon Tela da ke kallon tagar Auta aka ɗebe kamar shara. Don Allah, me keken ɗinki ya tsare wa Mai Girma?

Ta wannan tagar suka fara soyayya. Yana taka keke yana ɗago kai, tana shanya tana sunkuyar da nata. Baba kuwa ya ce atafau, ba zai ba mai shagon katako 'yarsa ba.

Jiya Tela ya tare ta a bakin famfo, idonsa jawur.

"Hasken idona, gobe zan bi mota wurin yayana. Ba abin da ya rage min a nan sai ke."

"Ka ƙara min haƙuri..."

"In Baba ya sauko, ki rataya jan gyalen da na ɗinka miki a taga. Na gani, na fasa. Ban gani ba, na san amsata."

Yau da safe Goggo, yayar Baba, ta tsare ƙanin nata a tsakar gida.

"Katako suka rushe ko hannun yaron? Kai da me ka auri uwarta, ba tabarma ɗaya ba?"

Baba ya sosa ƙeya ya ce ya amince. Auta ta haura da gudu ta rataya gyalen, sai ga ƙyalle ya rufto a kansa.

Aikin Mai Tsani ne, ɗan liƙa hotunan 'yan siyasa, wanda ta sha kora in ya zo zance. Ashe jiya yana bayansu a layin famfo, kunne a buɗe.

"Auta, inuwa na yi miki kyauta!" ya ƙwala daga ƙasa yana dariya.

Ta wata 'yar kafa a gefen ƙyallen ta hango Tela a tsallake, tsaye inda shagonsa yake a da, jaka a kafaɗa. Ya daɗe yana kallon sama. Ta kira shi har muryarta ta dishe, ganguna da lasifika suka haɗiye. Ta sauko, 'yan sanda suka ce ba mai fita sai ayari ya wuce. Kafin ta koma sama ya tafi.

Ta sulale ƙasa, gefen gyalen a fuskarta. Har yanzu yana ƙanshin man kekensa.

"Zai zaci na haƙura da shi, Goggo... Wa zan riƙa kallo da safe?"

"Miƙo min wuƙa," in ji Goggo.

"Yaya, za su kama ki!" in ji Baba daga ƙofa.

"Su kama! Na tsufa da tsoron hoto."

Kyaaat! Ta keta ƙyallen, haske ya faɗo ɗakin.

"Zura gyalen waje."

"Ai ya tafi..."

"Ya tafi ina? Tun asuba ko kaza ba ta tsallaka shingen can ba. Su da kansu suka tsare miki shi!"

Ashe daidai bakin Mai Girma wuƙar ta bi. Gyale ya zubo waje yana kaɗawa, titi ya kece da dariya, ana nuna Mai Girma ya zaro jan harshe. Mai Tsani ya saɓi tsaninsa ya sulale. Can cikin motocin da suka yi cirko-cirko a bayan shinge, ƙofar wata bas ta buɗe.

Auta ta leƙa ta tsagar ƙyallen.

Shi ne. Yana gudu, yana ture mutane, jaka na dukan bayansa, idonsa a kan tagar.

An ɗaura aure. Shago dai har yau ba wanda ya mayar, Goggo na nan tana sintiri ofis-ofis, ta rantse sai an biya yaron. Ƙyallen kuwa ta hana a ɗauka, da shi aka rufa wa Tela sabuwar rumfa. Sai dai in ana ruwa, ta bakin nan yake yoyo.