Wa Ya Rubuta Allon Famfo?

Auta ta iya zane, wannan ba mai musu. In ta zana kaza, sai ka ce za ta yi tsalle ta bar takardar. Amma rubutunta? Kai, kada ma ka tambaya! Kamar kazar ce ta bi ta kai da ƙafafunta.

Ƙawarta da suke zama benci ɗaya ana ce mata Shiru-shiru, don magana ba ta dame ta ba. Ita kuwa rubutunta ras, kamar na inji.

Wata rana malamar ajinsu ta sa su yi allon da za a kafa kusa da famfo. Auta ta zana hannaye biyu da ruwa yana zuba. Shiru-shiru ta rubuta: A WANKE HANNU KAFIN A CI ABINCI.

Ran Laraba sai ga mai rubuta allunan shaguna ya zo sabunta sunan makaranta a bango. Ya tsaya gaban allon famfon, ya daɗe yana kallo. Ranar kuwa Shiru-shiru tana gida, zazzaɓi ya kwantar da ita.

"Wa ya yi wannan aikin?" in ji shi.

"Ni ce, Malam," in ji Auta.

"Har rubutun?"

Sai bakin Auta ya riga zuciyarta. "Har rubutun."

"Madalla! Mutum ɗaya nake nema in koya wa sana'a duk Asabar. Ki zo da babanki."

Ran Asabar Baba ya sa rigarsa mai kyau ya raka ta shagon mutumin. Shagon cike yake da gwangwanayen fenti, ga alluna jingine da bango. Ma'aikata biyu suna goge katako.

Mai shagon ya miƙa mata buroshi da farin allo. "Rubuta mini: ANA GYARAN KEKE."

Auta ta tsoma buroshi a fenti. Harafin farko ya karkace. Na biyu ya kwanta a kan na uku. Kafin ta kai ƙarshe wuri ya ƙare, KE ɗin ƙarshe ya rasa inda zai zauna. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ya toshe baki, amma dariyar ta kufce masa.

Mai shagon bai yi dariya ba. "'Yata, hannun nan ba shi ya rubuta allon famfo ba."

Auta ta dubi Baba. Baba ya sunkuyar da kai. Wayyo, kunya! Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige.

"Ƙawata ce ta rubuta," ta faɗa da ƙyar. "Ni zane kawai na yi."

"To, ki saurara," in ji mai shagon. "Mutane ba sa kawo mini aiki don fentina ya fi na kowa. Suna kawowa ne don in na ce na iya, to na iya. In ban iya ba, in tura su wurin wanda ya iya. Gobe shi ma ya turo mini. Ki je gida."

A hanyar gida Auta ta kalli fuskar Baba.

"Baba, fushi ka yi?"

"Ba fushi ba ne, Auta. Kunya na ji."

Gara ma a ce dukanta ya yi.

Ran Litinin ta sami Shiru-shiru a benci. Ta kasa haɗa ido da ita. Ta faɗa mata komai, tana hawaye.

"Ai 'yan aji sun gaya mini," in ji Shiru-shiru.

"Kika yi shiru?"

"Jira nake in ga ko za ki faɗa da bakinki. Na yafe."

Malama ta ji su. Ta ce, "Neman gafara rabin gyara ne, Auta. Saura rabi. Kin san abin da ya rage?"

Auta ta sani. Da Asabar ta zagayo, ta riƙe hannun ƙawarta har ƙofar shagon. Suka shiga.

"Malam, ga mai rubutun. Ita ya kamata ka ɗauka, ba ni ba."

Ta juya za ta fita.

"Ina kuma za ki?" in ji mai shagon. "Da mutum ɗaya na ce. Amma wadda ta dawo inda ta ji kunya, ta kawo wadda ta fi ta, ai ba a barinta ta tafi. Suna mai kyau ba a ƙwatarsa daga hannun wani. Da gaskiya ake gina shi, da kuma ba abokin aiki haƙƙinsa."

Ya ɗauko buroshi biyu. "Mai sayar da kifi yana jiran allonsa. Ke zana, ke rubuta. In kun gama, kowacce ta sa sunanta a ƙasa."