Ɗinkin Baba

Gab da magariba Auta ya koma shago ɗauko wayarsa da ya manta a kan keken ɗinki.

Keken na marigayi babansu ne, ƙaton ƙarfe baƙi, na ɗinka fatar kujeru. Shekara tara yana yashe a lungu. Auta ya yi wata biyu yana wanke tsatsa da kananzir, ya sauya bel, ya nemo allura mai kauri. Keke ya tashi sumul, amma ɗinki bai zama na Baba ba.

Wannan shi ne ciwon Auta. Tun yana yaro yake shan ranƙwashi a kai. "Dubi nawa, dubi naka," in ji Baba, sai ya farke masa aikin yini guda. Yau ma wata mai kujera ta shafa ɗinkinsa, ta taɓe baki. "Allah ya jiƙan mai hannu," ta ce.

Baba yana da al'ada guda. Rana na faɗuwa zai jera yankakkiyar fata a kan keke, ya zura zare, ya kori kowa, ya kulle. Auta bai taɓa tambayar dalili ba. Ranar nan dai, don gajiya, shi ma ya bar fatar kujera a gindin allura.

Ya tura ƙofa. An ɗauke wuta, shagon duhu. Warin man keke ya bugi hancinsa, da wani ƙauri kamar na gashi.

Yana kai hannu ga wayar, feda ta motsa.

Kat. Kat. Kat-kat-kat.

Fata na tafiya da kanta, tana juyawa daidai kwana. Kujerar zama ta lotsa, kuma ba kowa a kai.

"Baba?" ya ce a hankali.

Aka yi 'yar dariya dab da kunnensa.

"Baba? Wannan ko layi bai iya miƙewa ba."

Allura ta cafki hannun rigarsa.

Tana ja. Yatsunsa na matsawa kusa da ita.

"Shi ba ya tsayawa kallo," aka raɗa. "Fita."

Ya fizge da ƙarfin tsiya. Riga ta yage har kafaɗa. Ya faɗa waje da rarrafe, salati na sarƙe masa a baki.

Da safe ya tarar da fatar a ninke, an gama. Ɗinkin Baba ne sak, wanda ya sha duka a kansa shekara ashirin.

Tsoro ya wuce cikin mako guda. Takaicin ne ya zauna. Ashe mutumin da ya raina hannunsa, shi ma ɗan yanka fata ne da kulle ƙofa.

Yanzu Auta ma rana na faɗuwa yake jera fata ya kulle. Aiki har ya yi masa yawa. Rannan yayarsa ta zo, ta shafa wata sabuwar kujera, idonta ya ciko.

"Auta, sai yanzu ka zama ɗan Baba."

Ya daɗe yana kallon hannuwansa.

"Haka ne, Yaya," ya ce.