Duwatsu Bakwai a Bayan Gidan Illiyasu

A shekarar da sojoji suka yi bore har sau uku a Bangui, mutanen unguwar Kilomita Biyar sun koyi cin abincin dare tun rana ba ta faɗi ba. Da la'asar sakaliya ake rufe shagunan Titin Koudoukou, kowa ya shige gida kafin dokar hana fita ta same shi a waje. A irin wannan yammaci ne, cikin bore na biyu ko na uku, na kasa tsayar da wanne, Kubura matar Illiyasu mai atamfa tana kwashe tuwon rogo a tsakar gida, sai wani abu ya faɗo bisa kwanon rufi da ƙara.

Kowa ya kwanta a ƙasa. A kwanakin nan ko yaron goye ya san harsashin da ya ɓata hanya ta rufi yake saukowa. Na biyu ya faɗo, sannan na uku, wanda ya gangaro ya dire gaban Illiyasu. Dutse ne kamar ƙwan agwagwa, a jiƙe, da gansakuka a jikinsa. Ga shi kwana huɗu ba a yi ruwan sama ba.

Sai na koma baya kaɗan. Gidan Illiyasu shi ne na ƙarshe kafin rafin da ya ratsa bayan unguwa yana gangarawa zuwa kogin Ubangi. Akwai doka, tun ba yau ba, cewa ba a sabon gini kusa da ruwa sai da takardar izini. Mita goma ne daga gaɓa ko ashirin da biyar, wannan ya kuɓuce mini. Amma dokar tana da sassauci guda: inda aka taɓa gini ya rushe, mai gida na iya tayar da shi bisa tsohon tushensa ba tare da ya nemi izinin kowa ba.

Da aka fara harbi a unguwannin bakin kogi, Sa'adatu ƙanwar Illiyasu ta gudo da 'ya'yanta huɗu. Mijinta ya fita neman gawayi wata safiya, bai dawo ba. Gidan ɗaki biyu ne, damina kuma ta kankama. Illiyasu ya je ofishin filaye ya tarar da ma'aikaci ɗaya yana tattara takardu. Mutumin ya gaya masa gaskiya: babu mai sa hannu a izini sai ƙura ta lafa, amma in gyara ne bisa tsohon tushe, ba ya bukatar komai. Illiyasu ya dawo ya tsaya bayan gida yana kallon wasu manyan duwatsu guda bakwai da ya tarar a jere tun ranar da ya sayi filin hannun wani tsohon masunci. Ya ce wa kansa ai wannan tushe ne. Cikin kwana shida ɗaki ya tashi a kansu, Sa'adatu da marayunta suka shiga.

Kwana uku bayan haka jifar ta fara.

Kullum da zarar ladan ya gyara murya don kiran magariba, duwatsu sai su sauko. Ba su taɓa samun kowa ba, sai dai su fasa tukunya ko su kife fitila. Daga baya aka fara jin magana a gindin sabon bangon ta waje, ƙasa-ƙasa, kamar mutane masu yawa da ke jira a buɗe musu ƙofa. Wani lokaci har da kukan jariri, busasshen kuka irin na wanda ya gaji. In Illiyasu ya leƙa, babu kowa sai ciyawa da ruwa.

Mubina ita kaɗai ce 'yar Illiyasu da Kubura, shekararta goma sha biyar. Haihuwar Bangui ce, yaren Sango ya fi zama a bakinta, Hausarta kuwa har ubanta kan yi mata dariya. Yarinya ce mai son waƙa in tana wanke-wanke. Ran nan da magariba aka neme ta, aka same ta cikin sabon ɗakin a tsaye, goshinta a jingine da bangon da ke fuskantar rafi, tana ƙwaƙular siminti da farce. Zanenta sharkaf da ruwa, leɓɓanta kuwa a bushe har sun tsage.

Daga ranar ba ta ƙara haɗiye ruwa ba. In an ɗura mata, sai ya dawo ta hanci. Wani ma'aikacin jinya a unguwar Yakite ya sa mata ruwa a jijiya, robar ta ƙare, fatarta tana nan kamar takarda. Kubura ta daina barci, ta daina girki.

"Malam, dube ta," in ji ta ga mijinta a rana ta biyar. "Idonta ya faɗa. Ita ke nan gare ni. In akwai abin da ka sani, don Allah ka faɗa."

"Me zan sani, Kubura? Gini na yi, kamar kowa."

Bai dube ta ba da yake maganar. Ya sa hula ya fita, ya bi ta lunguna saboda shingen sojoji, ya ɗauko Malam Ɗantsoho.

Na san Malam Ɗantsoho, mun taɓa zama gaban malami ɗaya. Ɗan ƙaramin mutum ne mai ɗingishi, ba ya ɗaga murya ko a karatu. Ya iso bayan la'asar, ana jin igwa can wajen kogi jefi-jefi. Bai fara da yarinyar ba. Ya zaga bayan ɗakin, ya tsuguna ya daɗe yana kallon inda bakin duwatsun suka ɗan leƙo daga ƙarƙashin bango. Sannan ya shiga, ya sa aka daka ganyen magarya a ruwa, ya kama babban yatsan Mubina ya fara karatu.

Ya yi nisa cikin Suratul Baƙara kafin ta motsa. Idonta bai buɗe ba, bakinta kawai ya buɗe. Muryar tsohuwa ce ta fito, da Hausa tsantsa mai nauyi, irin wadda ba a ƙara ji a unguwar ba tun mutuwar fataken farko.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni, ni kuwa ba ni na fara ba."

Sa'adatu ta rungume 'ya'yanta. Kubura ta toshe baki da gefen mayafi.

"Wace ce ke, baiwar Allah? Me yarinyar nan ta yi miki?"

"Ba ta yi mini komai ba. Ina nan bakin rafin nan tun babu kasuwa. Wurin masu goro na koyi harshenku. Ka tambayi ubanta, bisa me ya ɗora ɗakinsa?"

"Bisa tsohon tushe," in ji Illiyasu. "Doka ta yarda. Na tambaya."

Tsohuwar ta yi dariya, ƙirjin Mubina ya girgiza.

"Dokarku ta ce inda aka taɓa gini. Wa ya taɓa gini a nan? Faɗa mini sunansa."

Malam Ɗantsoho ya juyo a hankali. "Illiyasu, ni ma na duba. Tushen gini a daidai yake kwanciya. Waɗannan kowanne ya fi ɗan'uwansa ƙasa. Da ka haƙa, ka ga siminti a tsakaninsu?"

Illiyasu ya sunkuyar da kai. Sannan ya ce, "Ban gani ba, Allah gafarta Malam. Matakala ce. Tsohon da ya sayar mini ya ce in bar ta, ta mutanen ɓoye na ruwa ce, su ke sauka ta nan da magariba. Na ɗauka zancen masunta ne. Yaran nan ruwa na dukansu a tsakar gida. Ina zan kai su?"

"Ka sani!" Kubura ta fashe da kuka. "Kwana biyar ina tambayarka!"

"Kana da baƙi, ni ma ina da su," in ji muryar. "Igwarku ta koro dangina daga babban kogi, suka hauro wurina. Ga su can jibge a bayan bangonka. Ba ma shiga ruwan nan sai ta matakalarmu, haka aka yi alkawari. Akwai jikata a cikinsu, kwana goma sha ɗaya ba ta taɓa ruwa ba. Tawa ta bushe, taka ma ta bushe. In tawa ta mutu da faɗuwar ranar yau, tare za su tafi."

Kowa ya dubi ƙofa. Inuwar katanga ta riga ta cinye tsakar gida.

"Me kike so?" in ji Malam.

"A rushe ɗakin."

"Akwai marayu huɗu a cikinsa, kuma kin san abin da ke sauka daga sama a garin nan. Wanda aka zalunta ba shi da izinin ya zalunci maraya. Ki rage."

"A rushe."

Malam ya ɗebi ruwan magarya ya yayyafa, ya koma karatu. Mubina ta banƙare, ta yi wata ƙara da ta sa kajin maƙwabta suka watse.

"Tsaya! Tsaya, Malam. To, a ba ni hanyata kawai."

"Faɗin me?"

"Faɗin mace da tulu a ka da yaro a hannu. A fito da duwatsun bakwai su ga sama. Kada a rufe, kada a sa ƙyaure, kada a zuba ruwan zafi a kai."

"In an yi, kin rantse da wanda ya halicce mu da ku za ki fita, ba ki dawowa?"

"Na rantse. Amma ku yi sauri."

Duwatsun ta tsakiyar ɗakin suka bi. Buɗe hanyar na nufin ɗakin ya tsage biyu, ga gajimare ya haɗo ta gabas. Illiyasu ya ɗauko diga ya tsaya gaban bangon, hannunsa ya ƙi ɗaguwa. Yana kallon tabarmin yaran da 'yan tsummokaransu. Sa'adatu ce ta karɓe digar daga hannunsa.

"Yaya, matsa. Ruwan sama bai taɓa kashe mana kowa ba."

Ita ta fara sara. Daga nan ya karɓa, Kubura tana kwashe bulo da hannu har yatsunta suka fashe, Malam yana riƙe da yatsan yarinyar bai daina karatu ba. Aka yaye kwano biyu daga rufi. Dutse na farko ya fito, na biyu, na uku. Numfashin Mubina ya koma sama-sama. Da ladan ya ce Allahu Akbar, saura ɗaya, kuma siminti ya kama shi da kyau. Illiyasu ya jefar da diga ya durƙusa yana ɓamɓara da hannu, yana kiran sunan 'yarsa, har ɓawon simintin ya ɗago.

Wata iska mai sanyi ta bi ta tsagin, ta kaɗa rigar Malam. Suna kallo, dutse na farko ya jiƙe, sannan na biyu, har zuwa na bakwai, kamar ana taka su da ɗanyar ƙafa. Cikin sawayen akwai ƙanana ƙwarai. Ruwan rafin ya motsa sau ɗaya, ya kwanta.

Mubina ta yi atishawa sau uku. Ta buɗe ido ta dubi uwarta, ta ce cikin Sango, da 'yar muryarta, a ba ta ruwa. Ta shanye kofi, ta nemi ƙari.

A wannan daminar Sa'adatu da 'ya'yanta sun kwana a rabin ɗaki da buhu a madadin bango, ƙaramin ya sha fama da tari amma ya tashi. Kubura ta yi wata biyu ba ta yi wa mijinta magana ba sai ta dole. Jifa kuwa ba a ƙara ji ba.

Bayan an ajiye bindigogi da shekara ɗaya ko biyu, ma'aikatan filaye suka biyo bakin rafi da igiyar awo, gida-gida. Ɗayansu ya tsaya yana kallon ɗakin da aka raba biyu, da siririyar hanya mai matakala a tsakani, a share tsaf. Ya tambayi Illiyasu wannan kuma mece ce.

Illiyasu ya ce, "Hanyar maƙwabta ce. Sun riga ni zuwa."

Mutumin ya duba hagu, ya duba dama, bai ga gidan kowa ba. Ya rubuta a takardarsa, ya tsallake duwatsun bai taka ba.