Saura Fuska

Aiken bai kai a kira shi aike ba. Littattafai uku zan kai wa wata sabuwar mai karatu, in zauna in karanta mata kaɗan, in dawo gida kafin a rufe shaguna. Na yi irinsa ya fi a ƙirga.

Ina da ɗan shagon bayar da aron littattafan zane a ƙarƙashin matakalar wani bene, tsakanin mai gyaran waya da tela. Rabin kayana na ban tsoro ne: aljanu, fatalwa, gidajen da ba a kwana a cikinsu. Muna kuma da zaure a waya, inda nake tura saƙon murya duk mako in ce ga abin da ya kamata a karanta, ga wanda ɓata lokaci ne. A zauren akwai kurame, akwai masu keken guragu, akwai wani dattijo mai rawar hannu da ba ya iya riƙe littafi. In mutum ya gama labari ya ce bai ga irinsa a ciki ba, sai mu ɗauki labarin mu ci gaba da shi da kanmu, mu saka shi a ciki, mu ba shi aikin yi, ba wai ya leƙo a shafi na biyu a kashe shi ba. Dokarmu biyu ce. Ba a barin kowa a waje, kuma ba a tambayar mutum me ke damunsa.

Yayata ce ta kafa dokokin. Tun tana ƙarama ta makance, amma ba a haifi wanda ya kai ta son labarin tsoro ba. Ni ce idonta. Shafin littafin zane a rarrabe yake akwati-akwati, ni kuma sai in bi su ɗaya bayan ɗaya ina faɗa mata abin da ke ciki, daga wannan gefe zuwa wancan, har da kusurwa. In na tsallake ko da tsinke ne sai ta gane.

"Kin ci min wani abu a nan," za ta ce. "Dawo baya, ɓarauniya."

In na musa, sai ta miƙo hannun dama ta shafa fuskata ta ji ko ina dariya. Wannan hannun shi ne dukiyarta. Da shi take karanta rubutun makafi, da shi take sanin fuskokin mutane, da shi take riƙe gwiwar hannuna in za mu fita. Akwai tabon ƙuna a wuyansa, na ranar da ta rantse sai ta yi wa kanta guga. Shekara da shekaru muna karatun nan, har bakina ya saba. Ido ya gani, baki ya faɗa, ba sa ma jiran izinina.

Sabuwar mai karatun saƙon murya ta turo min. Muryar ƙasa-ƙasa, kamar mai magana da kai a cikin randa. Ta ce ba ta iya fita da rana. Ta ce ta ji akwai mai faɗin abin da ke cikin zane, tana so in ba ta shawarar abin karantawa, in kuma zo da mai sauraron nan tawa, wato Yaya. Ban tambaye ta dalili ba, doka doka ce.

Ni dai ban so zuwa da Yaya ba, don an ce bene ne. Ta ce, "Sabuwa ce, kunya za ta ji. In ta ga makauniya ta hau bene don ita, za ta saki jiki. Ɗauko min sandata, sarkin ƙorafi."

Rana ta gama faɗuwa lokacin da muka shiga layin. Gidan shi ne na ƙarshe, hawan ƙasa duk shaguna ne a rufe, na sama kuma ba a gama gininsa ba. Daga bakin titi ana jin janareta da hon ɗin motoci. Muna fara hawa, ƙarar ta dinga raguwa kamar ana rufe mana ƙofa bayan ƙofa.

Sai wari. Na jiƙaƙƙiyar toka, da wani ƙauri a ƙarƙashinsa kamar gashi ya taɓa wuta.

Yaya ta ja ta tsaya. "Ba a girki a gidan nan," ta raɗa min.

"Wataƙila saye take yi."

"Ko sauro babu. Kin ji?"

Na saurara. Babu. Na ce mata ta cika tsegumi, muka ci gaba da hawa, amma yatsunta sun ƙara matse gwiwar hannuna.

Ƙofar a buɗe take. Ɗakin ba komai sai kwan lantarki guda mai ziza kamar ƙuda, kujerun roba biyu, da wani baƙin labule mai kauri da ya raba ɗakin biyu, daga bango zuwa bango. Muka yi sallama. Ba a amsa ba.

"Ku zauna," in ji muryar, daga bayan labule.

Ban yi mamaki ba. Na taɓa karanta wa wata mai ƙunar fuska wata guda cur ta bayan ƙofa kafin ta yarda in gan ta. Na zaunar da Yaya, na jingine sandarta, na fito da kayana da irin fara'ar da nake yi wa kowa. Na ce ga na wata kurmar ma'aikaciyar jinya da take ganin inuwoyin asibiti suna magana da hannu, shi na fi so. Ga na wani direban motar haya da fasinjansa ba ya ƙarewa, zanensa ya fi labarinsa kyau. Ga kuma na ɗakin ajiyar wata makaranta, wannan in tana da raunin zuciya kar ta fara da shi.

"Ya suke ƙarewa?"

"A kori abin, mutane su tsira."

Labulen bai ko motsa ba, duk da muryar kamar a jikinsa take.

"Kullum korarmu ake yi," ta ce. "Babu wanda muke zama a ciki?"

Maganar nan na ji irinta daga bakin mutane da yawa, masu sanda da masu keke, kuma kullum tana taɓa min zuciya. Don haka na ba ta amsar da nake ba kowa.

"In babu sai mu yi. Mu ba ma barin kowa a waje."

Yaya ta ɗora hannun damanta a cinyata. Sanyi ƙalau.

Wani abu ya gogi siminti. Littafi ne aka turo ta ƙarƙashin labule, ya zo ya tsaya a ƙafata. Ba suna a bangonsa. Da na ɗauka sai na ji shi da ɗumi, irin ɗumin kujerar da wani ya tashi a kai yanzu.

"Wannan namu ne. Ba a taɓa faɗa mana abin da ke ciki ba."

Na buɗe.

"Akwati na farko," na ce, kamar kullum. "Ɗaki ne. Kwan lantarki ɗaya a sama. Kujeru biyu, mata biyu a zaune, ɗaya da littafi a hannu. Sanda a jingine a bango. A kusurwa akwai wani abu dogo, baƙi, kamar riga a rataye."

Sai da na faɗa na ji abin da na faɗa. Ban waiwaya kusurwar ba.

"Ci gaba," in ji muryar. Yanzu ba daga labule take fitowa ba. Daga bayanmu take.

Na so in rufe littafin. Wallahi na so. Amma idona ya riga ya zame zuwa akwati na biyu, bakina kuma ya bi shi kamar raƙumi da akala.

"Abin ya baro kusurwa. Yana tsakiyar ɗaki."

Ƙaurin ya ƙaru. Kwan lantarkin ya daina zizarsa.

"Akwati na uku. Yana tsaye a bayan mace ta biyu. Ya fitar da hannu."

"Ya isa," Yaya ta raɗa.

"Hannun dama ne." Hawaye na zuba a kan shafin, bakina bai tsaya ba. "Siraran yatsu. Farce a yanke. Tabon ƙuna a wuyan hannu, shatin bakin dutsen guga."

Yaya ta ja numfashi da ƙarfi. Hannunta ya zame daga cinyata ya faɗi gefe kamar jiƙaƙƙen tsumma.

Wani ya yi ajiyar zuciya a bayanta. Ta jin daɗi.

Shafin ya juya da kansa.

Akwati ɗaya ne, ya cika shafin. Fuskar Yaya ce, an zana ta tsaf, har da ɗan gibin haƙorinta.

"Saura fuska," aka ce. Ba murya ɗaya ba. Daga labule, daga rufi, daga ƙarƙashin kujerata.

Bakina ya buɗe.

"Goshi ne mai—"

Tafin hannu ya sauka a fuskata da ƙarfi. Na hagun Yaya. Ba bakina ta toshe ba, idona ta rufe. Ita ta san inda maganar take shigowa.

"Tsallake," ta ce.

Tunda nake ban taɓa jin kalmar nan a bakinta ba.

"Rufe idonki. In kika buɗe ban yafe ba."

Na runtse. Littafin ya faɗi. Ta damƙi wuyan hannuna ta fizge ni tsaye, ko sandar ba ta nema ba. Ni da nake jan ta tun muna yara, yau ni ake ja. Kafaɗata ta bugi ƙofa. Ƙafata ta sami matakala.

"Sauka. Sauka. Juya dama. Sauka."

Duk addu'ar da ta zo bakina karantawa nake, rabi-rabi. Abubuwa na gogar ƙafafuna, masu laushi, masu ɗumi.

Sai aka yi magana a bayana, dab da kunnena. Da muryar Yaya, har da sigar tsokanarta.

"Kin ci min wani abu a nan. Dawo baya, ɓarauniya."

Aka kama gwiwar hannuna.

Na san riƙon. Babban yatsa a ciki, sauran huɗun a waje, a hankali, yadda ake riƙe ni kullum in za mu tsallaka titi.

Saura ƙiris in buɗe ido.

"Ina gabanki," Yaya ta ce. "Ina gabanki, 'yar'uwa. Kar ki duba."

Na fizge da duk ƙarfina. Hannun rigata ya yage. Muka gangaro sauran matakalar tare, gwiwa da goshi, muka zube a bakin titi.

Janareta. Hon. Warin kwata. Sauro ya cije ni a wuya, na fashe da kuka don murna.

Washegari da rana tsaka na ja tela da mai gyaran waya muka koma. Hawan saman babu ƙofa ko ɗaya, babu wayar wuta, bulo ne tsirara da kashin tantabara. Sandar Yaya kawai muka samu a jingine a bango. Littattafaina uku ba mu gan su ba.

Likita ya duba hannun ya ce jijiya lafiya, ƙashi lafiya. Amma ko allura aka soka ba ta ji. Tabon gugar ma ya ɓace, fatar sumul kamar ta jariri. Yanzu da hagu take koyon karatu daga farko, tana yi tana zagin yatsunta. Na ce mu ƙara doka a zauren, a dinga tambayar sabbi ko su wane ne. Ta ƙi.

"Don ɗaya ta cuce mu sai mu titsiye kowa a ƙofa? Ke dai daina kai aike da magariba."

Har yanzu ina karanta mata. Sai dai in na zo kusurwar akwati nakan yi shiru, ita ma ba ta cewa na ci mata komai.

Abin da ban faɗa mata ba shi ne wanda na gani ranar da ta yi barcin rana a doguwar kujera. Ina jera littattafai a gefe, sai na ga hannun daman ya ɗaga daga cinyarta. A hankali, ba rawa. Ya sauka a goshinta. Yatsun suka bi girarta, suka gangaro karan hanci, suka tsaya a leɓe, sannan suka koma goshi suka sake farowa.

Na yi tsalle na danne shi. Ya yi lakwas, kamar bai taɓa motsi ba.

Mun hana masu labulen nan jin kamannin fuskarta, shi ne suke koyonta yadda ita take koyon ta mutane. Tun ranar, in Yaya za ta kwanta, sai in zauna a gefenta in riƙe hannun da nawa biyu. Ita a zatonta tausayi ne, har tsokanata take yi wai na zama uwa. Ba ta jin yadda yake ja.